Godiyar Maman Ƙetare

A gidanmu ba a shan kunun safe sai an yi addu'a. Baba ne ke buɗewa, ya karanta 'yar aya, ya kama nasa dogon roƙon da yakan faro daga gwamnati ya ƙare a kan awakin gida, sa'an nan mu rufe gaba ɗaya da addu'ar Ubangiji. Muryar Mama ce kullum a sama. Mama ba ta iya yin komai a hankali ba, ko atishawa ta yi sai kaji sun watse. Shi ya sa da ta fara tsallake wani wuri a cikin addu'ar, babu wanda bai ji ba. In an zo daidai inda muke roƙon Allah ya gafarta mana yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai ta yi ɗif. Da an wuce wurin sai ta ɗora da ƙarfinta kamar ba ita ba.

Baba ya yi haƙuri ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne. Wata safiya bayan an ce amin ya tambaye ta da yarenmu, a hankali, ko mantuwa ce ta fara kama ta. Ta amsa masa da Hausa, yadda takan yi in ranta ya ɓaci.

"Mantuwa na me? Zan yi ma Allah ƙarya ne? Ban yafe ba. In na faɗa wannan magana, na ce masa ke nan ya yi mani yadda na yi ma matan nan. Ni ba na so."

Baba ya jawo kofin kununsa.

Matar da take nufi ita ce wadda muke kira Maman Ƙetare, domin gidanta yana ƙetaren ɗan rafin da ya raba unguwarmu biyu. Ƙauyenmu yana bayan Kwoi, ita kuwa aure ne ya kawo ta daga wajen Madakiya. Ba ta taɓa iya yarenmu sosai ba, Mama kuma ba ta jin nata, don haka da Hausa suka ƙulla ƙawancensu, da Hausa suke gulmarsu da dariyarsu. Mijinta ya rasu tun ina ƙarama, ya bar ta da ɗa ɗaya tilo, kuma Mama ce ta riƙe ta a lokacin. A zumuntar mata ta cocinmu kuwa kamar an haife su don juna. Maman Ƙetare ce mai bayar da waƙa, da wata siririyar murya mai ratsa jiki. Mama ce mai babban tulu, wanda ake buga bakinsa da faifan soso ya ba da amo mai zurfi. A cocinmu tulun ne ke buɗe wa sauran kayan kiɗa hanya. Mai waƙa ta tayar, tulu ya cafe, sa'an nan ganga da kacau-kacau su biyo baya.

Abin da ya shiga tsakaninsu citta ce. Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce, citta kawai? To, a wurinmu citta ce makaranta, ita ce asibiti, ita ce kwanon rufin ɗaki. Kuma ba cittar sayarwa ce ta haɗa su ba, iri ne. Mama tana da wani irin citta da ake kira tafin giwa, mai kauri, mai ruwan ƙwai a ciki, wanda kakata ta ɗaura mata a ƙullin zane lokacin da za a kawo ta gidan Baba. Kowace shekara takan ware masu kyan ciki, ta tara su a inuwar mangwaron da ke bakin gonarmu, ta lulluɓe da busasshiyar ciyawa da ganye, su jira ruwan farko. Kakata ta daɗe da rasuwa, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. In Mama ta tsuguna gaban tarin irin nan tana juya shi, takan yi ta magana ita kaɗai, mu kuwa mun san da wa take yi.

A ranin shekarar da na gama kwalejin horon malamai a Kafanchan, ina zaman jiran aiki a gida, ɗan Maman Ƙetare ya fita farautar gafiya da karensa. Saurayi ne cikakke a lokacin, har ya fara haya da babur. Ya cinna wa ciyawa wuta a bakin rami, iska ta juya, wutar ta fi ƙarfinsa, ya ari ta kare. Kafin mutane su taru da ɗanyen ganye, wutar ta haye gonarmu ta kama tarin irin. Da muka isa, ƙamshin gasasshiyar citta ya cika wurin. Mama ta sa hannu cikin tokar tana tonowa, duk wanda ta ɗago ya dahu har ciki. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

Har zuwa nan, na san da Mama ta haɗiye. Wuta ba ta da ido, kuma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma da dattawan ikilisiya suka kira zama a gindin mangwaron don a sasanta, aka tambayi Maman Ƙetare, sai ta dubi Mama ido cikin ido ta ce:

"Yaro na bai je wurin ba. Ranan nan yana Kafanchan tun safe."

Mata uku masu ɗiban itace sun gan shi da idonsu, har da gafiyar a hannunsa. Kowa a wurin ya san ƙarya take yi, ita ma ta san mun sani. Yanzu da na haihu na gane abin da ya kama ta. Gwauruwa ce, baƙuwa a garin, ɗanta ɗaya, ga wasu samari suna ta maganar 'yan sanda. Tsoro ne ya yi magana da bakinta. Amma a lokacin ban ga tsoro ba, rashin kunya na gani, kuma ni na gaji zuciyar Mama har na ɗara ta. Da ba don Baba ya riƙe mini hannu ba, da na faɗi abin da za a daɗe ana ba da labarinsa. Mama ta tashi, ta kakkaɓe zanenta, ta ce wa dattawa ta gode, ta kama hanyar gida. Washegari ne ta fara tsallake wurin nan a cikin addu'a.

Damina ta zo. Mama ta shuka irin kasuwa, ya fito, amma ba ta taɓa kiransa nata ba. A coci kuwa babu wanda ya kori Maman Ƙetare, babu wanda ya sa ta horo. Mu mutanen coci mun iya hukunci ba tare da mun buɗe baki ba. Sai dai aka wayi gari wata ce ke bayar da waƙa, ita kuma ta koma bencin baya kusa da ƙofa. In ta gaishe da mata su amsa a taƙaice. In ta tsallako rafi ta hango Mama, sai ta sake hanya. Mama kuma ta rame. Ba ta rasa abinci ba, abokiyar dariya ta rasa. Na sha ganinta da yamma ta dafa abu mai daɗi, ta ɗauko ƙaramin kwanon da takan zuba wa ƙetare, sai ta tuna, ta mayar da shi ta buga murfin tukunya.

Wata daminar ta sake zagayowa, sai ga labari cewa ɗan Maman Ƙetare ya yi hatsari da babur a hanyar Kafanchan. Ƙafarsa ta karye wuri biyu, ya bugu a kai, an kwantar da shi a asibiti bai san wanda ke kansa ba. Ranar nan gidanmu ya cika da mata, wai sun zo gaisuwa. Ɗaya ta ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wata ta ce Allah ba ya barci. Ni ma ina gefe ina gyaɗa kai. Mama ta ajiye muciya ta juyo.

"Ku rufe mani baki. Ni citta na rasa. Na roƙi ƙafan yaron wani ne? Kada wanda ya sa sunana cikin wannan."

Da suka watse ta dafa faten acha, ta zuba cikin kula, ta miƙa wa Baba ta ce ya kai asibiti, in ya je ya ce daga wurinsa ne. Baban da ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba! Ya karɓa ya tafi bai yi gardama ba. Da ya dawo Mama ba ta tambaye shi komai ba, ta dai yi ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Shi ma ya ja mata rai har ya gama wanke ƙafa, sa'an nan ya ba ta labari cewa Maman Ƙetare ta buɗe kular, ta shaƙi ƙamshin, ta rufe, ta kifa kanta a kai. Washegari da aka zo addu'a, Mama ta sake tsallake wurin.

Yaron ya farfaɗo. Likitoci ma sun ce ba su sa rai ba. Wajen kaka, lokacin da aka fara haƙar citta, aka sallamo shi yana dogara sanda, sai Maman Ƙetare ta je wurin Fasto ta ce tana son yin godiya.

Godiya a wurinmu ba magana ce da ake yi a zaune ba. Wanda Allah ya fisshe shi daga wani abu yakan tsaya a ƙofar coci da abin da ya kawo, a tayar da waƙa, ya taho da rawa har gaban bagadi. Kuma ba ya tahowa shi kaɗai. Dangi su fara tashi su mara masa baya, sai aminai, sai sauran jama'a, har layin ya cika tsakiyar coci. Wannan rakiyar ita ce shaidar cewa farin cikinka namu ne. Ban taɓa ganin wanda ya yi godiya ba rakiya ba, ko mashayin unguwarmu da ya faɗa rijiya aka ciro shi sai da ya samu masu taka masa. Maman Ƙetare kuwa ba ta da dangi a garin. Dangin mijinta 'yan uwan Baba ne, suna kallon fuskar Mama. Duk godiyar da ta taɓa yi a baya, Mama ce ke fara cafe mata waƙa da tulu.

Ranar Lahadin coci ya cika fiye da kullum, kuma ba wa'azi ne ya kawo wasu ba. Matan zumunta suna gaba a gefen dama cikin zanensu iri ɗaya, Mama a tsakiya da tulunta tsakanin gwiwoyi. Ni ina bayanta kaɗan. Bayan an karɓi baiko, wato sadakar coci, Fasto ya sanar cewa akwai 'yar'uwa mai godiya. Muka juya. Maman Ƙetare tana tsaye a ƙofa, ta ɗaura zanen zumuntarta da ta daɗe ba ta ɗaura ba, kwanon acha a kanta, zakara a hammata. Ɗanta yana gefenta, ya rame, sanda a ƙarƙashin hammatarsa, kansa a sunkuye.

Ta tayar da waƙa. Muryar nan ce dai, amma babu ƙarfi. Ta kai ƙarshen baitin farko, inda tulu ya kamata ya cafe, sai tsit. Mai ganga ta ɗaga hannu tana kallon Mama. Masu kacau-kacau suna kallon mai ganga. Jama'a duk suna kallon bayan kan Mama. Ba na jin mugunta ce ta zaunar da yawancinsu, babu dai mai son ya zama na farko, a ce ya goyi bayan ƙarya ya bar mai gaskiya. Maman Ƙetare ta sake maimaita baitin, ta ɗaga ƙafa ta fara tahowa, ɗanta yana biye, ba abin da ake ji sai muryarta da ƙwanƙwasar sandarsa a kan siminti. Zakaran ma ya yi shiru.

Ina ganin hannun Mama daga inda nake. Ta damƙe faifan soson har jijiyoyi sun fito. Ni da na zo da niyyar in ga an rama mana, sai na nemi niyyar na rasa. Mace ce ga ta nan, Allah ya dawo mata da ɗanta daga bakin kabari, ta ɗauko abin da take da shi ta zo ta ce ta gode, mu kuma mun zuba mata ido kamar masu kallon kasuwa. Kunya ta kama ni, tausayi kuma ya fi kunyar yawa. Ta kai tsakiyar coci, waƙar ta yanke, ta tsaya.

Sai tulu ya yi magana. Bugu ɗaya, mai nauyi, har na ji shi a ƙirjina. Mama ta sake bugawa, ta kama kiɗan daidai inda waƙar ta yanke, ta buɗe wannan maƙogwaron nata ta amsa. Ganga ta shigo, kacau-kacau suka ɓarke, matan zumunta suka ɗauka gaba ɗaya. Mama ta buga har kiɗan ya zauna, sa'an nan ta tura wa ta kusa da ita tulun, ta dafa benci ta miƙe da gwiwarta mai ciwo, ta fita tsakiya. Ba ta rungumi Maman Ƙetare ba, ba ta ma dube ta ba. Ta sa hannu ta sauke kwanon achar daga kanta ta ɗora a nata, ta shige gaba tana takawa, fuskar nan a murtuke kamar mai zuwa biyan tara. Benci ya fara ƙara ta ko'ina. Kafin su kai bagadi layin ya kai ƙofa, har da masu cewa alhaki kwikwiyo, su ne ma suka fi kowa juyi. Ni ma na tsinci kaina a ciki, ina rawa ina share hanci da bakin ɗankwali.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, "Mama, ashe kin yafe mata."

Ta harare ni. "Wa ya gaya maki? Ban yafe ba."

"To, me ya sa kika buga?"

"Ke, kin yi makaranta amma ba ki da wayo. Godiyan nan nawa ne? Na Allah ne. Shi ya tashe mata yaro. Faɗa na da ita daban. Zan riƙe ma Allah godiyansa don citta na ya ƙone?"

Na daɗe ina juya maganar nan, har yau da nake koyarwa a Kafanchan, ni ma da nawa zanen zumuntar. Na sha jin wa'azi a kan gafara, yawanci ana yinsa kamar abu ne da mutum zai yanke shawara yau ya gama yau. A wurin Mama na ga ba haka ba ne. Zuciyarta ba ta iya ba tukuna, ba ta kuma yi ƙaryar ta iya ba. Abin da hannunta zai iya shi ta ba Allah, ta dafa fate, ta buga tulu, ta ɗauki kwano. Ina ganin Allah bai raina wannan ba. Shi da ya ƙaunace mu tun ba mu san mu ce masa yi haƙuri ba, ya san yadda ake jiran mutum. Ya jira Maman Ƙetare da ƙaryarta, ya jira Mama da taurin kanta, bai fasa aiko wa gonakinsu ruwa ba su duka biyun.

Washegarin godiyar na kasa kunne a wurin addu'a. Mama ta tsallake wurin kamar kullum. Haka ta yi ta yi har aka shiga tsagar citta gadan-gadan.

Tsagar citta aikin mata ne a wajenmu. A zube ta tsibi a tsakar gida, a zauna da ƙananan wuƙaƙe ana raba kowace gida biyu, a kwashe a shanya a kan dutse. Aiki ne mai cin yatsu, kuma hira ce ke rage shi. Wata rana da hantsi ni da Mama muna kan tsibinmu, sai muka ji sallama. Maman Ƙetare ce, da wuƙarta a hannu da 'yar kujerar zamanta. Rabonta da tsakar gidanmu tun kafin wutar. Mama ta amsa sallamar ba ta ɗago ba. Matar ta ajiye kujera a inda ta saba zama, ta jawo citta ta fara tsagawa. Ni kuwa na ƙi tashi, don ba a yin irin wannan ba ni.

Suka yi ta aiki. Inuwa ta matsa, muka matsa. Tsibin ya ragu sosai. Can sai Maman Ƙetare ta ajiye wuƙa a cinyarta, ta dubi hannuwanta ta ce:

"'Yar'uwa, shi ne. Shi ya sa wutan. Na ji tsoro ne."

Mama ta ci gaba da tsaga wadda ke hannunta har ta raba ta. Ta jefa cikin kwando.

"Na sani," in ji ta. Ta ɗauko wata, ta juya ta, ta ajiye. "Iri na mama na ne. Kin san shi ke nan abin da ya bar mani."

"Na sani."

Sai suka fara kuka su biyun, kowacce a kan kujerarta, hannu duk yajin citta ba damar share ido. Mama ce ta fara mantawa ta goga ido, yaji ya shige mata, ta hau salati irin namu tana kiran sunan Yesu tana neman ruwa. Maman Ƙetare ta tashi da gudu ta ɗebo a randa, tana wanke mata ido tana cewa, "Tsaya mana, ke kullum gaggawa." Kukan ya koma dariya, dariyar ta koma kuka. Da za ta tafi da yamma, Mama ta ɗauko ƙaramin kwanon nan ta cika shi da tuwon acha. Irin kakata dai bai dawo ba, kuma har yau in aka yi maganarsa Mama takan yi shiru.

Da safe muka taru kamar kullum. Baba ya yi wa gwamnati addu'a, ya yi wa awaki, muka kama addu'ar Ubangiji. Da muka doshi wurin sai na ji Baba ya rage murya, ni ma na rage, ƙannena ma haka, duk mun saba da ramin da ke nan. Muryar Mama kuwa ba ta tsaya ba. Ta bi ta kan kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ita kaɗai, a hankali, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Baba ya rikice ya rasa inda ake, sai da ta ja shi zuwa amin.

Ban san lokacin da na buɗe ido ina kallonta ba. Hawaye na bin kumatunta, amma ta gan ni.

"Rufe idon ki," in ji ta. "Addu'a ake yi."